TABARAU MAI SAƘO: AN SAKI HANNU, AN KAMA IDO

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A ranar 17 ga watan Satumba na shekarar 2025, a garin Menlo Park da ke jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp da Instagram, ya hau dandamali ya nuna wa duniya wani sabon tabarau mai suna Meta Ray-Ban Display, wanda aka fara sayarwa a can Amurka a ranar 30 ga wannan watan a kan kuɗi dala 799. Ana tsakiyar baje kolin ne aka kira shi ta WhatsApp domin jama'a su ga yadda ake amsa kira da tabarau, sai abin ya ƙi. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya kasa ɗauka, har dai ya haƙura. 'Yan jarida suka yi ta dariya, suka cika shafukansu da labarin wannan abin kunya. To amma mu ba dariya ce ta kama mu ba, domin kuwa na'urar da ta ƙi aiki yau gobe za a gyara ta. Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani a kansa shi ne ranar da abin zai yi aiki daidai yadda masu shi suke so.

Bari mu fara da bayanin ko mene ne wannan tabarau, don kada a ce mun soki abin da ba mu sani ba. In ka gan shi a fuskar mutum ba za ka bambanta shi da gilashin da ake sa wa don kwalliya ko don ciwon ido ba, sai dai ya ɗan fi kauri. Amma a jikinsa akwai kyamara, akwai na'urorin ɗaukar murya, akwai 'yan ƙananan lasifikoki a daidai kunne, sannan a cikin gilashin ido na dama an dasa wani ɗan ƙaramin allo. Ana haɗa shi da wayar mutum tana can cikin aljihu. Da zarar saƙo ya shigo ta WhatsApp ko Messenger ko Instagram, sai rubutun ya bayyana a gaban idon mai tabarau kamar yana rataye a iska, a bisa duk abin da yake kallo, ko hanya ce ko fuskar mahaifinsa. In ya so ya ba da amsa sai ya faɗa da baki na'urar ta rubuta. Akwai kuma wani awarwaro da ake sayar da shi tare da tabaraun, ana ɗaura shi a wuyan hannu, yana karanta ɗan motsin lantarkin da jijiyoyi ke aika wa naman hannu duk lokacin da mutum ya motsa yatsa. Ka haɗa babban yatsa da manuni, ka zaɓi abu. Ka goga yatsa, ka wuce gaba. Har ma an tsara shi yadda mutum zai iya zana haruffa da yatsa a kan cinyarsa ko a kan tebur, su zama saƙo su tafi. Wannan fasaha Meta ta same ta ne daga wani kamfani mai suna CTRL-labs da ta saya a 2019.

Abin da suke tallata shi da shi kuwa shi ne wai wayar hannu ta sa 'yan Adam sun zama masu sunkuyar da kai, wai da wannan tabarau mutum zai ɗago kansa ya dubi jama'a, hannayensa su huta, ya yi aikinsa yana aika saƙo. Ikon Allah! Su wa suka sa aka sunkuyar da kan? Ba su ne suka ɗauki ƙwararru suna biyansu maƙudan kuɗi don su tsara manhajojin da mutum ba ya iya ajiyewa ba? Wanda ya harbe ka da kibiya shi ne kuma ya dawo da ƙullin magani yana neman ka biya. Shi kuma hannun da aka ce an 'yantar, ai ga shi nan an ɗaura masa mari, sai dai marin na zamani ne, ana cajinsa da wutar lantarki.

Ga inda gizo yake saƙa. Wayar hannu, duk da illolinta da kowa ya sani, tana da gaskiya guda ɗaya, ita ce ba ta ɓoyuwa. In kana magana da mutum ya zaro waya ya sunkuya, ka san hankalinsa ya bar wurinka, kana iya yin shiru, kana iya tsawata masa in ɗanka ne, kana iya tashi ka ba shi wuri. In kuma ya ɗaga wayar ya saita ta wajenka, ka san hoto zai ɗauka, kana iya kau da fuska, mace tana iya gyara mayafinta, kana iya cewa ban yarda ba. Wannan alama da kowa ke gani ita ce ɗan abin da ya rage wa jama'a na kare kansu. To ita wannan alamar ce tabarau ya zo ya kashe. Duk sauran bayanan da ake yi na saukin aiki da ci gaban zamani romon baka ne.

Kada mai karatu ya ɗauka zargi ne kawai muke yi, tarihin abin shi ne shaida. Kamfanin Google ya taɓa fito da irin wannan kaya, mai suna Google Glass, wanda ya fara raba wa masu gwaji a 2013 a kan dala 1,500. Shi wancan kowa ya gan shi ya san ba tabarau ba ne, domin akwai wani guntun gilashi da kyamara da suka turo a saman ido. Me ya faru? Amurkawa da kansu suka ƙi shi. Gidajen cin abinci da gidajen silima suka hana shiga da shi, aka laƙaba wa masu sa shi sunan zagi, har a watan Janairun 2015 Google ya dakatar da sayar wa jama'a, ya koma sayar wa masana'antu, a 2023 kuma ya rufe wannan ɗin ma. Mai tsoron Allah da ya ga haka sai ya ce mutane ba sa son a riƙa ɗaukarsu ba da izininsu ba, bari in bari. Su kuwa 'yan jari-hujja darasin da suka koya daban ne: tunda an ƙi shi don ana ganinsa, to a ɓoye shi. Shi ya sa Facebook ya je ya ƙulla yarjejeniya da EssilorLuxottica, babban kamfanin tabarau na Faransa da Italiya, mai Ray-Ban, aka cusa kyamara a cikin samfurin gilashin da idon mutane ya saba da shi shekara da shekaru. Na farko ya fito a watan Satumban 2021, na biyu a Oktoban 2023. Zuwa farkon 2025 an sayar da guda miliyan 2, a cikin shekarar 2025 kaɗai kuma kamfanin ya ce an sayar da fiye da miliyan 7. An sa wa kura fatar akuya, ta shiga garke ba wanda ya ce mata kanzil.

Mu ɗauki maganar hankali tukuna. Masu wannan kaya suna so mu yarda cewa matsalar aika saƙo a hannu take, in hannu ya huta shi ke nan an rabu da haɗari. Alhali masanansu na can sun daɗe da ƙaryata wannan. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun yi wani gwaji a Jami'ar Harvard. Suka nuna wa mutane faifan wasu matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙidaya sau nawa aka jefa. Ana cikin haka wani ya shigo tsakiyarsu sanye da rigar goggon biri, ya tsaya ya bugi ƙirji ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam, ga kuma idonsu a buɗe a kan allon. Ashe ido ba ya gani sai da hankali. A 2014 an gwada Google Glass a kan direbobi a wata jami'a ta jihar Filorida, aka tarar mai aika saƙo da tabarau bai fi mai aikawa da waya saurin taka birki ba lokacin da motar gabansa ta tsaya kwatsam. A 2015 kuma binciken Jami'ar Utah, da tallafin gidauniyar ƙungiyar masu motoci ta Amurka mai suna AAA, ya nuna cewa bayan direba ya gama ba na'ura umarni da baki, hankalinsa yana iya kai daƙiƙa 27 bai gama dawowa kan hanya ba. Yi lissafi da kanka: motar da ke tafiyar kilomita 40 kacal a awa ɗaya tana cin mita 300 a cikin wannan lokaci. Mita 300 ga hannu a kan sitiyari, ga ido a kan titi, amma direban ba ya nan.

Wannan a kan hanya ke nan. A zaman jama'a fa? Kamfanin da kansa yana alfahari da cewa wanda ke zaune a gabanka da ƙyar zai iya hango hasken allon. Wato ɗa zai durƙusa a gaban mahaifiyarsa tana yi masa nasiha, ya zuba mata ido yana gyaɗa kai, alhali hirar abokai yake karantawa, yatsansa kuma yana can a kan cinya yana rubuta amsa. Ɗalibi zai zauna a gaban malami haka, miji a gaban matarsa haka, likita a gaban majinyaci haka. A da in an raina ka kana gani, yanzu za a raina ka ana kallon tsakiyar idonka. Duban fuskar mai magana, wanda tun fil azal shi ne alamar girmamawa tsakanin 'yan Adam, an mai da shi labule. Wannan ba sauƙaƙa rayuwa ba ne, koya wa mutane fuska biyu ne, kuma da kuɗinsu.

Sai maganar kyamara, wadda ita ce ta fi muni, domin illar hankali mai tabarau ta fi shafa, ita kuwa wannan a kan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba take faɗawa. Za su ce maka ai akwai 'yar fitila a jikin tabaraun da ke haskawa in ana ɗaukar hoto. Tun a watan Satumban 2021 hukumomin kare bayanan jama'a na ƙasashen Ailan da Italiya suka nuna shakku a kan ko wannan ɗigon haske ya isa ya sanar da mutane ana ɗaukarsu. Wa zai lura da shi da tsakar rana? In ma ya lura, tsohuwar da ke kasuwa ta ina za ta san ma'anarsa? Kamfanin ya ce in an rufe fitilar kyamara ba za ta yi aiki ba, amma a 2025 'yan jarida a Amurka sun bankaɗo mai gyaran da yake kashe ta ɗungurungum a kan dala 60.

A watan Oktoban 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard suka nuna wa duniya inda aka dosa. Suka haɗa tabaraun Meta da wata manhajar neman fuska a intanet mai suna PimEyes. Sai su kalli baƙon da ba su taɓa sani ba a tashar jirgin ƙasa, cikin ɗan lokaci sunansa ya fito a wayarsu, wani lokacin har da adireshin gidansa da sunayen danginsa, su kuma su matsa su gaishe shi kamar tsohon aboki. Su dai sun ce don faɗakarwa suka yi, kuma ba su saki manhajar ba. To amma abin da ɗalibai biyu suka haɗa a ɗakin kwanansu, ɗan damfara da mai garkuwa da mutane da jami'in azzalumar gwamnati za su kasa haɗawa ne? A Oktoban 2025 Jami'ar San Faransisko ta gargaɗi ɗalibanta game da wani mutum mai irin wannan tabarau da ke tare mata yana yi musu maganganun banza, ana kuma zargin yana ɗauka yana watsawa. A Fabrairun 2026 gwamnatin Ghana ta fito ta ce tana neman a miƙa mata wani ɗan Rasha da ake zargi da ɗaukar mata a ɓoye yana sakin faifan a intanet, rahotanni kuma suka ce da tabarau mai kyamara ya yi. Ghana fa, ba Amurka ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Addininmu ya hana leƙen asirin mutane a Suratul Hujurati, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, tare da umarnin runtse ido, a Suratun Nur. Wanda ya shiga gidan mutane da sallama amma da kyamara a kan karan hancinsa, shi kaɗai aka yi wa izini, ba a yi wa waɗanda ya shigo da su a ɓoye ba.

Su wane ne ya shigo da su? Nan ne ya kamata mu dubi mai kayan. A 2024 Meta ta samu kuɗin shiga fiye da dala biliyan 164, kuma fiye da biliyan 160 daga ciki kuɗin talla ne. Ita talla kuwa ba ta tsada sai an san mutum ciki da waje: me yake so, ina yake zuwa, da wa yake hulɗa. A wannan shekarar dai sashen kamfanin da ke ƙera tabarau da makamantansa ya yi asarar fiye da dala biliyan 17, amma ba su fasa ba. Ka taɓa ganin ɗan kasuwar da yake zuba irin wannan dukiya a rijiya don kawai hannunka ya huta? Dalilin a bayyane yake. Wayoyin duniya a ƙarƙashin Apple da Google suke, kuma lokacin da Apple ya ba masu iPhone damar hana manhajoji bin sawunsu a 2021, Meta da bakinta ta ce wannan zai jawo mata asarar kimanin dala biliyan 10 a 2022. Don haka take neman ƙofa tata ta kanta wadda ba mai iya rufe mata, kuma babu ƙofar da ta fi idon ɗan Adam. A watan Yulin 2025 Zuckerberg ya gaya wa masu hannun jari cewa nan gaba wanda ba shi da irin wannan tabarau za a bar shi a baya wajen tunani. Ka ji fa, har an fara yi wa wanda ya ƙi barazana.

Za a ce ai saƙonnin WhatsApp a kulle suke, ba mai karantawa sai mai aikawa da mai karɓa. Mun ji. Amma tabarau ba saƙo kaɗai yake ɗauka ba. A watan Afrilun 2025 kamfanin ya sauya ƙa'idojinsa, ya cire zaɓin da mai tabarau yake da shi na hana a adana muryarsa in ya yi magana da ƙirƙirarriyar basirar da ke ciki, aka ce ana iya riƙe muryar har shekara guda sai in shi ya bi ya goge. A Fabrairun 2026 kuma wasu jaridu biyu na ƙasar Suwidin suka ruwaito cewa ma'aikatan wani kamfani da Meta ta ba kwangila a Nairobi ta ƙasar Kenya, waɗanda aikinsu shi ne kallon hotuna suna yi musu alama don koyar da na'ura, sun ce suna cin karo da faifan mutane a banɗaki da masu tuɓe tufafi, waɗanda ga dukkan alamu ba su san ana ɗaukarsu ba. Subhanallah! Asirin ɗakin wani ya zama aikin yinin wani.

Kuma wannan kamfani ba baƙo ba ne a gaban shari'a. A 2019 hukumar ciniki ta Amurka ta ci shi tarar dala biliyan 5 bayan badaƙalar Cambridge Analytica, wadda ta shafi bayanan mutane har miliyan 87. A Yulin 2024 ya amince ya biya jihar Teksas dala biliyan 1.4 a kan zargin tattara siffofin fuskokin mutane ba da izini ba. A wannan watan dai hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Nijeriya, FCCPC, ta ci shi tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar nan, kotun sauraron ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Wanda aka kama da irin wannan sau da yawa, shi ne yau yake cewa mu ba shi ajiyar idanunmu. An taɓa ba kura ajiyar nama?

Adalci ya sa mu faɗi cewa abin yana da amfani ga wasu. Makaho yana iya sa shi ya karanta masa takarda ko ya haɗa shi da mai gani da zai kwatanta masa abin da ke gabansa. Kurma yana iya ganin maganar mutane a rubuce. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma miliyoyin da aka sayar ba makafi da kurame ne suka saye su ba, kuma ba domin su aka zuba biliyoyin ba. In da gaske taimakon naƙasassu ake nufi, a ƙera musu nasu da araha, da alamar da kowa zai gani ya gane. Kada a fake da guzuma a harbi karsana. Wasu kuma za su ce ai kowace na'ura kamar wuƙa take, ya danganta ga mai riƙe da ita. To ita wuƙa ana ganinta a hannu. Wuƙar da aka ƙera takanas don kada a gan ta, tun daga maƙera aka san niyyarta.

Kada kuma wani ya ce dala 799 ta yi wa talaka nisa, me ya shafe mu. Haka aka ce da wayar salula, yau tana hannun mai tallar gyaɗa. Google ya sanar a 2025 cewa yana dawowa fagen tare da Samsung da wasu kamfanonin tabarau, kamfanonin Sin irin su Xiaomi da Alibaba su ma sun fito da nasu a shekarar. In gasa ta yi zafi farashi zai faɗi, sai kwaikwayo mai araha ya biyo baya, shi kuwa ba ruwansa da wata fitilar gargaɗi. Ba sai ka saya ba kafin abin ya shafe ka, ya isa a ce maƙwabcinka ya saya.

Saboda haka muna kira tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Magidanta su kafa doka a gidajensu: yadda ake cire takalmi a bakin ƙofa, haka za a cire tabarau mai kyamara kafin a shiga cikin iyali, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambayi baƙo ko gilashinsa yana ɗaukar hoto. Makarantu da asibitoci da ɗakunan jarrabawa da wuraren taron mata su rubuta haramcin a fili. Hukumar kiyaye haɗurra ta ɗauki karanta saƙo a tabarau daidai da latsa waya a bisa tuƙi. Hukumar kare bayanan jama'a da dokar 2023 ta kafa ta fito ta faɗi matsayin wanda aka ɗauka ba da saninsa ba, tun kafin a fara kawo mata ƙara. Ku kuma 'yan'uwana matasa, mu da ake haƙo da wannan talla, mu sani cewa saƙon da ba zai iya jira a zaro waya daga aljihu ba bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma mutumin da ke zaune a gabanka ya fi wanda ke nesa haƙƙi a kan idonka da kunnenka.

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu gane gaskiya, ya ba mu ikon bin ta.